Darasi Kan Ƙaramin Kare Mai Cizo da Alhakin Wanda Ya Sake Shi a Hanya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa ɗan Adam dabbobi, Ya kuma ɗora masa amanarsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan uwa musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata mas'ala wadda mutane da yawa suke ganin ba ta kai a zauna a yi karatu a kanta ba, alhali kuwa tana cikin abubuwan da ke raba maƙwabta, suna kai su gaban mai unguwa ko komisariya, wani lokaci ma har maƙabarta. Surar mas'alar ita ce: mutum ya fito da karensa a ɗaure, yana riƙe da igiya, zai ratsa unguwa, sai wani ɗan ƙaramin kare da aka sake ya fito daga wani gida ya auka musu da haushi da kai cizo, mai shi kuwa yana tsaye a bakin ƙofa yana dariya, yana cewa ai ba ya cizo, wasa yake yi. Me Shari'a ta ce game da mai wannan dariya? Me ya kamata wanda aka auka wa ya yi a wannan lokaci? In kuma aka yi rauni, ko ɗaya daga cikin karnukan ya mutu, wa zai biya?

Kada wani ya ce wannan al'amarin Turawa ne. Gaskiya ne a Turai da Amurka fita da kare yawo safe da yamma al'ada ce ta yau da kullum, mu kuwa ba mu gaje ta ba. Amma muna da masu tafiya da kare. Mafarauci da zai fita daji da sassafe sai ya ratsa gari. Mai garka a bakin Gulbin Maraɗi ko a gaɓar kogin Isa yakan tafi da karensa ya dawo da shi. Makiyayi yakan shigo kasuwar dabbobi karensa na biye. A unguwannin Yamai kamar Plato da Kwara Kano kuma, da la'asar za ka ga masu gadi suna jan manyan karnukan iyayen gidansu, irin waɗanda ake kira berje. A ɗaya ɓangaren, an samu masu hali a birane suna sayen ƴan ƙananan karnuka masu yawan gashi, waɗanda aka fi sani da kanish, su ajiye a gida. Waɗannan da ƴan kwikwiyon unguwa da ba a san ɗauri ba, su ne ke tare hanya.

Wane kare aka yarda a ajiye?

Mu fara daga tushe, domin hukuncin ɓarna a kansa yake rataye. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar da Abu Huraira (Allah Ya yarda da su) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya bayyana wanda ya ajiye kare, ba na farauta ba, ba na kiwo ba, ba kuma na gona ba, ladan aikinsa yana raguwa kowace rana, a wata ruwaya da ƙiraɗi ɗaya, a wata da ƙiraɗi biyu. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da kare ya kamo wa mai shi, amma da sharaɗin an horar da shi, an kuma ambaci sunan Allah. A lura da wannan sharaɗi na horo. Karen da Shari'a ta buɗe wa ƙofa kare ne mai aiki, wanda yake tafiya in an aike shi, yake tsayawa in an tsawata masa. Mutanen arewacin Tawa sun san wannan a aikace, domin karen Azawak, siriri mai dogayen ƙafafu, wanda Turawa suka ɗauka suka kai ƙasashensu tun cikin shekarun 1970, a wurin masu shi na asali mai tsaron zango ne kuma abokin farauta, kowa ya san aikinsa.

Shehu Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira (996 Miladiyya), ya tafi a kan haka cikin Risala, littafin da babu makarantar zaure a ƙasarmu da ba a karanta shi: ba a ajiye kare a gidajen birni ko na ƙauye sai don shuka, ko dabbobin da yake raka su daji ya dawo da su, ko farautar neman abinci wadda ba ta shagala ba. Masu sharhin Risala sun kawo labarin cewa shi kansa Shehun, da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, sai ya ajiye kare. Da aka tunatar da shi cewa Imamu Malik ya ƙi hakan, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki mai kisa zai ajiye. Daga nan malamai da dama suka yi ƙiyasin tsaron gida a kan waɗancan ukun, in buƙatar ta gaskiya ce.

To, berjen da ke bakin ƙofa yana da fuskar da za a kare shi da ita. Amma ɗan karen da aka saya don ado da alfahari, ba mu ga inda zai shiga cikin waɗannan dalilai ba. Wasu sukan ce ai haushinsa yana tayar da gida in ɓarawo ya hauro. Madalla. In dai don gadi ne, wurin gadi cikin gida yake, ba tsakiyar titi ba.

Ƙanƙanta ba uzuri ba ce

Hujjar da masu irin waɗannan karnuka suka fi kawowa ita ce ƙanƙanta. Sukan ce, wannan ɗan abin me zai yi maka? Hausawa kuwa sun riga sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Masana halayyar dabbobi sun yi bincike a kan wannan. A shekarar 2008 wasu malamai na Jami'ar Pensilbaniya a Amurka suka fitar da sakamakon nazari kan irin karnuka fiye da 30, suka samu cewa cikin waɗanda aka fi ba da labarin sun ciji mutum ko sun kai masa cizo akwai ƙanana guda uku: Dakshund, da Ciwawa, da Jak Rasel. A shekarar 2010 wani bincike na jami'ar likitancin dabbobi ta birnin Biyana a Ostiriya ya dubi dalili, ya samu cewa masu ƙananan karnuka sun fi rashin tsayawa a kan doka ɗaya wajen horo, sun kuma fi ƙarancin zama su koyar da karen, shi ya sa ake samun ƙananan sun fi rashin biyayya da firgita da saurin fushi. Watau abin da ba za a taɓa lamunce wa babban kare ba, shi ake yi wa ƙarami dariya a kai. Yau ya yi gurnani an yi shewa, gobe ya ja zanen baƙuwa an ce ya iya wasa, jibi ya huda ƙafar almajiri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa ba a taɓa gwadawa ba. Sau da yawa ma abin da ake zaton ƙarfin hali ne a wurin ɗan karen, tsoro ne. Yana ganin kowa ya fi shi girma, sai ya riga kai hari. Saboda haka laifin yana wuyan mai hankali, ita dabba ba a ɗora mata hukunci ba.

Ba mu musa cewa haƙorin babban kare ya fi yaga nama ba. Amma ƙaramin kare yana kai wa hannu da fuskar yaron da ke rarrafe ko yake zaune a ƙofar gida. Yana bin mai kabu-kabu ya sa shi faɗuwa da wanda ya goyo. Yana firgita tsoho ya zame ya karye. Yana tsokanar babban karen da ke ɗaure har ya fizge. Ƙwayar cutar haukan kare kuma, wadda za mu zo kanta, ba ta auna girman bakin da ta fito.

Haƙƙin hanya

Hanya ta jama'a ce. Cikin hadisin Abu Sa'id Alkhudri (R.A.) da Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (S.A.W.) ya gargaɗi sahabbai game da zama a bakin hanyoyi, da suka ce ba su da makawa sai ya umurce su da ba hanya haƙƙinta, ya lissafa kame cutarwa a cikin haƙƙoƙin. In an nemi mai zama kawai ya kame cutarsa, ina ga wanda ya saki abu mai haƙori? Har wa yau, cikin hadisin Abu Musa Al'ash'ari (R.A.) an umurci wanda zai wuce ta masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu da hannunsa, don kada ya ji wa wani musulmi rauni. Kibiya ba ta gudu da kanta, ba ta jin haushin kowa, duk da haka aka ce a riƙe bakinta. Wannan hadisi, a ganinmu, shi ne asalin igiya da takunkumi ga duk wanda zai fita da kare cikin mutane, babba ne ko ƙarami.

Abu Dawud kuma ya ruwaito hani ga musulmi ya tsorata musulmi, sababin hadisin ma wasa ne wasu suka yi wa ɗan uwansu yana barci. Wannan ya isa amsa ga mai cewa karensa bai taɓa cizon kowa ba. Ko da gaskiya ya faɗa, yarinya mai talla da ta watsar da farantinta ta ruga, da dattijon da ya daina bin wannan lungu zuwa sallar asuba, da matar da ke zagaye mai nisa in za ta kai niƙa, duk an ci haƙƙinsu tun kafin haƙori ya taɓa kowa.

Wa ke da lamuni?

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin a nan ake yawan kuskure. Wasu sun ji hadisin Abu Huraira (R.A.) da ke nuna cewa raunin da dabba ta yi ba shi da diyya, sai suka riƙe shi garkuwa. Hadisin ingantacce ne, amma malamai sun fassara shi da dabbar da ta kuɓuce ba tare da sakacin kowa ba, babu kuma mai ita a tare da ita. Dalili kuwa, Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa cewa raƙumar Bara'u ɗan Azib (R.A.) ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya hukunta cewa masu gonaki su tsare su da rana, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu su ne za su biya. Ashe sakaci yana jawo lamuni. Haka nan Malik ya tafi a kan cewa mai jan dabba, da mai kora ta, da wanda yake bisa kanta, suna lamunce abin da ta taka, Risala ma ta maimaita wannan.

Game da kare mai cizo kuwa, Mudawwana ta rarrabe hali biyu. In mutum ya ajiye shi a inda aka yarda a ajiye, kamar gona ko wurin kiwo, ba ya lamunce ɓarnarsa har sai an gabatar masa da gargaɗi; in aka gargaɗe shi ya yi biris, to duk abin da ya biyo baya a wuyansa yake. In kuwa ya ajiye shi a inda ba a yarda ba, kamar gidajen gari, ya kuma san yana cizo, to lamuni ya hau kansa ko ba a gargaɗe shi ba. Shehu Halil cikin Muhtasar ya jera ajiye kare mai cizo tare da haƙa rijiya, da sanya abin santsi, da ɗaure dabba a kan hanya, cikin sababan da ke kai ga kisa: in an yi da nufin cutar da wani takamaimai, shi ɗin kuma ya halaka, hukuncin ƙisasi ne, in ba haka ba, diyya. Mai karatu ya dubi inda malamanmu suka ajiye wannan magana, cikin babin jini, sa'an nan ya tuna da mai dariya a bakin ƙofa.

Dokar ƙasa ma ba ta sassauta masa ba, ta ma fi tsanani ta wata fuska. Aya ta 1385 ta dokar zaman jama'a wadda Nijar ta gada daga Faransa ta ɗora ɓarnar dabba a kan mai ita ko mai amfani da ita, ko tana hannunsa, ko ta ɓace, ko ta tsere. A Ingila, dokar 1991 kan karnuka masu haɗari ta mai da shi laifi mutum ya bar karensa, kowane iri ne, ya fita daga iko har ya zama barazana ga mutane, a 2014 kuma aka faɗaɗa ta har ta shafi abin da ya faru cikin gida. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Tun da gargaɗi yana da wannan matsayi, to a yi shi yadda ya dace. Ba a tsakiyar faɗa ake yinsa ba, ana haushi ana zagi. A bari zuciya ta kwanta, a je gidan mutum da sallama, a ce: Alhaji, Allah Ya ba ka haƙuri, karen nan naka ya tare ni sau biyu, yaran makwabta ma suna tsoron lungun nan, don Allah a ɗaure shi ko a riƙa rufe ƙofa. Mafi yawan mutane in aka zo musu ta haka sukan ji kunya. In bai ji ba, a koma da mutum biyu adilai, liman ko dattawan unguwa, a maimaita a gabansu, a riƙe ranar. Wannan shi ne gabatar da gargaɗin da littattafai suke nufi, kamar yadda ake yi wa mai katangar da ta karkata. In ya ƙi, sai mai unguwa, daga nan sai hukuma. Babu gori ko cin amanar maƙwabtaka a cikin wannan. Abu Dawud ya ruwaito cewa wani mutum ya kawo ƙarar maƙwabcinsa, Annabi (S.A.W.) ya yi ta ba shi haƙuri, daga baya ya umurce shi ya fitar da kayansa bakin hanya, mutane suka yi ta tambaya suna la'antar mai cutar, har ya zo ya nemi ya koma gidansa. Haƙuri ne farko, amma ba a ce a dawwama cikin cuta a yi shiru ba.

Kai mai riƙe da igiya

Yanzu mu juyo gare ka, kai da ka ɗaure naka. Ka sani kai ne mai ja a harshen malamai, abin da karenka ya yi yana hannunka za a tambaye ka. Kasancewar wancan ya yi sakaci bai sauke maka naka nauyi ba.

Idonka ya riƙa riga karenka ganin hanya. In ka hango ɗan kare a sake, ka canza gefe ko ka juya tun da nisa. Zagaye ba tsoro ba ne. In ya riga ya taho, ka taƙaita igiya, ka mai da karenka bayanka, ka tsaya tsakaninsu ka ba shi gefen jikinka, ka tsawata da murya ɗaya mai nauyi ba tare da kururuwa ba. Kada ka ruga, domin gudu yana tayar masa da sha'awar bi. Kada ka ƙura masa ido. Sandar da ke hannunka ka mai da ita shinge, ka kafa ta a ƙasa tsakaninku. Laima in aka buɗe ta ma tana yin wannan aiki. In da ɗan abinci a aljihunka, ka watsa masa nesa, ka ja da baya sannu. Ka kira mai shi ya zo ya kama abinsa, in ya ce ba ya cizo, ka ce nawa yana yi. In kuwa sun riga sun sarƙe, kada ka sa hannu tsakanin bakunansu, domin kare cikin faɗa bai san ubangijinsa ba, da yawa daga cizon hannu a nan ake samunsu. A watsa musu ruwa, ko a tura katako ko kujera tsakani.

Abin da muke gargaɗi a kansa ƙwarai shi ne abin da zuciya take raya wa mai babban kare: sassauta igiya kaɗan, bari ya koya masa hankali. Wanda ya yi haka ya tashi daga wanda aka zalunta ya koma mai ɓarna, domin cuna kare aikin mutum ne, ba na dabba ba. An ruwaito hani ga haɗa dabbobi faɗa daga Abdullahi ɗan Abbas (R.A.) a wurin Abu Dawud da Tirmizi, ko da yake malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, ma'anarsa dai tana ƙarƙashin hanin azabtar da dabba wanda babu saɓani a kansa. Samarin da suke tara karnuka a bayan gari don wannan wasa su ji.

Kare kai kuwa halal ne, gwargwadon abin da zai tunkuɗe cutar. Imamu Malik ya yi magana cikin Muwaɗɗa a kan raƙumin da ya taso wa mutum har ya ji tsoron ransa ya kashe shi: in yana da shaidar cewa raƙumin ya nufe shi, babu biya a kansa, in kuwa maganarsa ce kaɗai, zai biya. Risala kuma ta ce wanda ya kashe karen da aka yi izinin ajiyewa, ƙimarsa tana kansa. Saboda haka in abu ya faru, kafin ka bar wurin ka nemi waɗanda suka gani su shaida cewa naka a ɗaure yake, wancan ne ya kawo hari. In karen farautarka ko na garkarka ne aka raunata, kai ma da wannan shaida za ka nemi haƙƙinka.

Yara kuma a koya musu abu guda: in kare ya taho, su tsaya cik kamar icce, hannuwa a naɗe, ido a ƙasa, in ya kayar da su, su dunƙule su rufe wuya da fuska. A hana su jifan karnuka, domin karen da yara suka saba jifa shi ne gobe yake rama wa a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Sai maganar guba. Wani in ya gaji, sai ya sa guba cikin nama ya jefa da dare. Wannan ba mu ga halaccinsa ba. Mutuwa ce ta azaba, alhali hadisin Shaddad ɗan Aus (R.A.) a Sahihu Muslim ya wajabta kyautatawa ko a wurin kisa. Gubar kuma ba ta san wanda aka nufa ba: karen wani ya ci, kaji su tsattsaga, angulu ta sauka a kan mushen, yaro ya tsinci saura. Gaskiya ne kare mai cizo yana cikin abubuwa biyar da aka yarda a kashe ko a cikin Harami, amma yanke cewa wannan kare na wane ya kai wannan matsayi aikin hukuma ne da likitan dabbobi, ba na maƙwabci mai fushi ba. Addinin da ya ba da labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, ba zai mai da ran kare abin wasa ba.

In haƙori ya shiga

A mazhabarmu ta Malikiyya duk abu mai rai tsarkakakke ne, har da kare da yawunsa, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai kuwa bauta ce da aka umurce mu da ita. Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin najasa ne. Wannan magana ce ta tsarkin salla. Kada wani ya fahimci cewa tun da yawun ba najasa ba ne a wurinmu, to ba ya cutarwa; hukuncin tsarki daban, hukuncin lafiya daban.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawu, tana bin jijiyoyi sannu a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, shi ya sa cizon fuska da wuya da yatsu ya fi gaggawa. Yawanci takan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin ta bayyana, tana iya yin mako guda, tana iya kaiwa shekara. A nan ne ƙaramin kare yake yaudarar mutane: raunin ɗan ƙarami ne, ya warke cikin kwana uku, an manta. Ran da alamu suka fito, mutum ya kasa haɗiyar ruwa yana firgita da ganinsa, kusan babu wanda yake tashi. Kafin nan kuwa rigakafi yana aiki sarai, tun ranar 6 ga Yuli 1885 da Luwi Pastor ya fara yi wa wani yaro ɗan shekara 9 a birnin Paris, yaron ya rayu.

Abin yi shi ne a wanke wurin nan take da ruwa mai gudu da sabulu, minti 15 cur, a duba agogo, ko da ƙwarzane ne, ko lasa a kan gyambo. A zuba betadin ko alkol in akwai. Kada a cusa barkono, ko toka, ko ƙasa, ko gashin karen kamar yadda wasu suke yi, kada kuma a ɗaure wurin tamau. A tafi likita a ranar. Allurar ba ɗaya ba ce, jeri ne na kwanaki da likita zai rubuta, wanda ya yi ta farko ya tsaya bai gama kare kansa ba. In raunin mai zurfi ne akwai wani magani da ake zubawa cikin raunin kansa, a kuma duba allurar sandarewar jiki. Addu'a da tofi ba sa hana wannan, Annabi (S.A.W.) da kansa ya umurci bayin Allah su nemi magani.

A nan mai kare yana da wajibi na musamman, a nan kuma muke ganin mafi munin sakaci. Wani da ya ji karensa ya yi cizo, sai ya ɓoye shi, ko ya aika da shi ƙauye, ko ya kashe ya jefar, don kada a ce ya biya. Alhali karen nan shi ne shaidar likita. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a tsare shi a sa masa ido kwana 10, a Faransa ma 15 suke yi. In ya wuce su lafiya lau, an san yawunsa ba ya ɗauke da cutar ranar da ya yi cizon. Ba a jiran kwanakin su cika kafin a fara allura, sakamakonsu dai shi ke nuna wa likita ko a ci gaba ko a dakata. In karen ya mutu a tsakani, a kira ma'aikatan kiwo su ɗauka don bincike, kada kowa ya taɓa shi da hannu tsirara. Wanda ya ɓatar da karen ya bar iyayen yaro cikin duhu a kan ran ɗansu, kuɗin allura da na mota kuwa, a ganinmu, shi ne mafi ƙarancin abin da zai ɗauka.

Masana sun tabbatar cewa kashe karnuka barkatai ba ya kawar da wannan ciwo. Abin da ke yanke shi shi ne a yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura. Maƙwabtanmu na Cadi sun gwada a Njamena a shekarun 2012 da 2013, suka wuce wannan adadi, ciwon ya ja baya ƙwarai a birnin, har sai da karnukan waje suka sake shigo da shi. Don haka duk mai kare, na farauta ne, na gadi ne, ko ɗan kwikwiyon da yara suka tsinto, ya kai shi ofishin ma'aikatar kiwo a yi masa allura, ya riƙa sabunta ta a lokacin da aka rubuta masa, ya adana takardar. Wanda aka ciza yana da haƙƙin a nuna masa wannan takarda, amma ganinta ba ya ɗauke masa wankin minti 15 da zuwa likita. Allah ne Mafi sani.